Ya Daina Shan Giya, Amma Bai Dawo Gida Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in amince in sa ta a takarda, domin ta shafi sirrin gida, kuma Bahaushe bai ɗauki rufin asiri da wasa ba. Sai da na je Birnin Kudu na zauna da yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, na karanta mata abin da na tsara, ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce, “Rubuta, Malam, amma kada ka kama suna. Wataƙila akwai wata can tana cikin irin halin da na shiga, ba ta ma san sunan abin da ya shigo mata gida ba.” Saboda haka mai karatu ba zai ga suna a nan ba. Zan kira ta Yaya, kamar yadda na saba tun ina yaro a Gwaram, mijinta kuwa in kira shi Alhaji, kamar yadda kowa ke kiransa.

Alhaji tsohon ma’aikacin gwamnati ne. Ya kama aiki a farkon shekarun 1980, lokacin ƙasarmu duk tana cikin tsohuwar Jihar Kano, kuma a can birnin ne abokai suka nuna masa hanyar Sabon Gari. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, yana cikin ɗimbin ma’aikatan da aka mayar gida. Ya dawo Birnin Kudu da matarsa da ’ya’yansa, ya kuma dawo da kwalbarsa. A gidansa na yi karatun sakandare, shi ya biya mini kuɗin jarrabawa, shi ya saya mini ƙamus na farko da na mallaka. Ban taɓa ganinsa yana tangaɗi a titi ba, ban taɓa jin ya zagi wani ba. Mutum ne mai tsafta, mai barkwanci, mai zuwa aiki a kan lokaci, wanda in dare ya yi yakan kulle kansa a ɗakin zaure. Da jihar ta ƙaddamar da Shari’a a shekarar 2000 aka rufe mashaya, sai shan nasa ya ƙara nutsewa. Ba laifin dokar nake gani ba, abin da idona ya gani nake faɗa: ya bar giyar manyan kwalabe mai wuyar ɓoyewa, ya koma wa mai ƙarfi mai ƙaramin mazubi, wadda za ta shiga aljihun babbar riga, kuma daga nan cin abincinsa ya riƙa raguwa, har ta kai tuwon dare sai dai a ɗauke kwano yadda aka ajiye.

A cikin dangi ba mai cewa Alhaji yana shan giya. Cewa ake yi “yana ɗan taɓawa,” ko “yau ya kwaso gajiya,” ko “ba ya jin daɗi.” Ni da nake koyar da kimiyyar harshe, na sha kawo wa ɗalibai misalan sakaya zance irin waɗannan a matsayin shaidar kunya da ladabin Bahaushe. Ban taɓa gaya musu cewa daga gidanmu na samo su ba.

A ƙarshen watan Maris na 2022, ana sauran ’yan kwanaki a ɗauki azumi, wani abokin shansa ya rasu da ciwon hanta. Alhaji ya dawo daga jana’iza bai ce wa kowa uffan ba, ya shiga ɗakin zaure, ya kwaso abin da ke ciki ya tuttule a makwarara, ya rantse a gaban matarsa cewa shi da giya har abada. Yaya ta buga mini waya tana kukan murna. Ta yi waina ta raba sadaka. Shekara talatin da huɗu tana roƙon Allah wannan rana.

Ya ɗauki azumi cikin zafin Afrilu, ba ya iya sahur, da buɗa-baki kuma in ya kurɓi kunu sai ya dawo da shi. A kwana na uku jikinsa ya kama makyarkyata, gumi yana zuba, yana nuna bango yana cewa a kashe kunamun da ke saukowa. Muka kai shi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, kamar yadda akan ce wa kusan duk wanda ya je da zafin jiki, aka ɗaura masa ƙarin ruwa leda bayan leda. A nan ne ma’aikacin da ke rubuta kati ya ɗago kai ya tambaye ni, “Yana shan wani abu?” Ɗakin cike yake da ’yan dubiya, har da surukinsa. Tambayar ta zo a lokaci mai ci, ni kuwa malamin nahawu ne, sai na ce a’a, domin a ranar ba ya sha, ya daina kusan mako guda. Ban yi ƙarya ba a ƙa’idar nahawu. Amma masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan “a’a” tawa ita ce kalmar da ta fi kowace tsada a cikin duk abin da bakina ya taɓa furtawa.

Bayan mako biyu ya miƙe, aka sallame shi, aka yi ta barka. Sai dai wanda ya dawo gidan ba shi ne wanda ya fita ba. Tafiyarsa ta zama ta mai ware ƙafafu yana dafa bango. Zai ci abinci ya wanke hannu, kafin a share wurin ya kira Yaya ya ce yaushe za a ba shi abinci, ko so ake a kashe shi da yunwa? Zai yi sallar Azahar sau uku, ko kuma ya rantse ya yi La’asar alhali bai tashi daga tabarma ba. Mutumin da ba ya fita sai da guga da turare, ya koma sai an yi da gaske yake wanka. Yakan wuni a gindin darbejiya yana kallon wuri ɗaya, ba rediyo, ba hira, jikarsa ta faɗi a gabansa tana kuka bai ko miƙa hannu ba. Can kuma, a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ya fashe da faɗa, ya faɗi maganar da ba ta faɗuwa a gaban suruki, bayan minti biyar ya manta, yana mamakin abin da ya sa kowa ya ɗaure fuska.

Abin da ya fi wahalar da Yaya shi ne ba wanda ya yarda da ita, kuma dalilin yana cikin harshenmu. Gaisuwar Bahaushe doguwa ce, kuma kusan dukkanta haddatacciya ce. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya iyali, ina labari, sai alheri. Yaya muka ji da zafi, lokacinsa ne. Mutum zai iya shafe minti biyar yana wannan musaya ba tare da ya buƙaci tuna abu ɗaya da ya faru yau ba. Alhaji bai rasa ko ɗaya daga ciki ba. Jimlolinsa a miƙe suke, bai taɓa sa “ta” a gurbin “ya” ba, karin magana yana nan a bakinsa, surorin da ya haddace a makarantar allo suna nan daram. Ɗan dubiya zai zo ya gaisa, ya sha ruwa, ya tashi, ya je ya ba da labari cewa Alhaji lafiyarsa ƙalau, matar ce dai ke neman ɓata masa suna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan ga labarai. In ka tambaye shi ina ya je jiya, ba zai ce ya manta ba. Zai gyara zama ya gaya maka cewa ya je Sakatariyar Audu Bako a Kano bin takardar ƙarin girma, motar ta lalace musu a Wudil, ya faɗi har abin da ya ci a tasha. Wata rana ya ce ya haɗu da mahaifiyarsa a kasuwar Sara tana sayen gero, alhali ta shekara goma sha biyar a kabari. A wurinsa Birnin Kudu tana Jihar Kano har gobe. Ni da kaina na zaunar da shi na ce, “Alhaji, girma ya kama ka, wannan ƙarya ta mece ce?” Ya dube ni da idon wanda aka zalunta. Yaya kuwa zarginta shi ne ya koma sha a ɓoye, ta birkice ɗakin zaure, ta shinshina kowace gora, ba ta sami komai ba. ’Yan’uwansa suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, akuya biyu suka tafi. Wata ƙanwarsa ta fito fili ta ce matar ce ta shanye shi don ta mallake fanshonsa. Wasu kuma, masu ganin kansu a kan daidai, suka ce alhakin giya ne ya kama shi tun a duniya. A wannan tsakanin ne Yaya ta gaya mini maganar da har yau ba ta bar kunnena ba. Ta ce, “Malam, da yana sha, in gari ya waye mijina yakan dawo. Yanzu ya daina, amma gari yana wayewa ba ya dawowa.”

Abin da ya kai mu ga likita ba hikimarmu ba ce, saki ne. Wata ranar Talata ya nemi kuɗin da ya ce ya ajiye a ƙarƙashin matashi, bai gani ba, ya ce ta sace, ya furta mata saki a gaban ’yarsu. Ta haɗa kayanta ta hau mota sai Gwaram. Washegari ya tashi yana zagaya gida yana tambaya ina Hajiya ta shiga ba ta kawo masa koko ba. Aka gaya masa ya sake ta, ya ce wane mara tsoron Allah ne ya ƙaga masa wannan? Ya yi kuka, ya manta, ya sake tambaya, aka sake gaya masa, ya sake kuka kamar karo na farko. Sau shida a wuni ɗaya. Muka je wurin wani dattijon malami a Gwaram, ya saurare mu a tsanake, ya ce a mashahurin zance na mazhabar Malikiyya, sakin wanda ya bugu da abin da ya sha da gangan yana aukuwa, amma sakin wanda cuta ta gusar masa da hankali ba ya aukuwa. Ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwar da bai gani ba, mu je mu kawo bayanin likita, sannan a kai wa alƙali. Wato lokacin da yake sha maganarsa tana ɗaure shi, yanzu da ya tuba sai an bincika ko maganar tasa magana ce.

Likitan ƙwaƙwalwar da ya gan mu a Kano ya fitar da kowa, ya bar ni da Yaya, ya yi tambayar a shuɗaɗɗen lokaci: ya taɓa sha? Shekara nawa? Nawa a rana? Yaushe ya daina, kuma me aka ba shi da ya kwanta? Ya ba Alhaji kalmomi uku ya riƙe, ya ɗauke masa hankali da lissafi na minti biyar, ya nemi kalmomin, ko ɗaya babu, har ma ya musa cewa an ba shi wasu kalmomi. Aka ɗauki hoton kai don a tabbatar ba jini ne ya taru ba sanadin faɗuwa, aka auna hanta, domin ita ma in ta gaza takan rikita hankali. Daga ƙarshe ya rubuta suna biyu a takarda ya miƙo mini: Wernicke da Korsakoff.

Kunya ta rufe ni. Duk shekara nakan tsaya a gaban ɗalibai in zana ƙwaƙwalwa a allo, in nuna musu yankin da Paul Broca na Faransa ya gano a 1861, wanda in ya lalace furta magana ke gagara, da yankin da Carl Wernicke na Jamus ya bayyana a 1874, wanda in ya lalace fahimtar magana ke gagara. Ashe wannan Wernicke ɗin dai, a 1881, ya bayyana wata cuta dabam mai alamu uku: rikicewar hankali, da rikicewar motsin ido, da tangaɗi. Daga 1887 kuma wani likitan Rasha, Sergei Korsakoff, ya yi rubuce-rubuce a kan mashayan da suka kasa riƙe sabon abu a ka, suna cike gurbin da labaran da ba su faru ba. Sai daga baya aka gane cewa cuta ɗaya ce mai zango biyu. Na Wernicke shi ne gobarar, na Korsakoff shi ne abin da gobarar ta bari.

Tushen abin wani sinadari ne da ake kira tayamin, wato bitamin B1. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samarwa, kuma ba ta iya ƙona sukari ta sami wannan ƙarfi sai da tayamin. Jiki ba ya ƙera shi, daga abinci yake samu, irin su wake da gyaɗa da nama da hatsin da ba a surfe shi fes ba. Abin da jiki ke iya ajiyewa bai wuce miligiram 30 ba, kuma in ba a ƙara ba cikin ’yan makonni yake ƙarewa. Giya kuwa ta ko’ina take kai masa hari: tana kashe sha’awar abinci, tana hana hanji tsotse shi, tana hana hanta ajiye shi, tana hana jiki amfani da ɗan abin da ya samu. Mutumin da ya shekara talatin a haka, rumbunsa ya riga ya kusa ƙasa. In ya zo ya daina farat ɗaya, ga amai, ga rashin ci, sannan aka ɗura masa ruwan sukari a jijiya ba tare da tayamin ba, ɗan ragowar ne zai ƙone. Wuraren da suka fi saurin lalacewa wasu ƙananan sassa ne can tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda ta cikinsu sabon abu ke bi kafin ya zauna a ka. Shi ya sa abin da aka rubuta tun da daɗewa yana nan, kamar zanen shanun nan na Dutsen Habude da ke Birnin Kudu, amma na yau ba ya kamawa. Bugu da ƙari, ita giyar da kanta tana ƙanƙantar da sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe da linzamin mutum, da tsara al’amura, da kunya, da himma. Daga nan ne mutuwar zuciya da saurin fushi da sakin baki suka fito.

Maganin zangon farko ba tsada gare shi ba: allurar tayamin mai yawa, ta jijiya, da gaggawa, kafin ruwan sukari ko tare da shi. Ƙwaya ba ta wadatarwa a wannan hali, tunda hanjin ba ya tsotsa. Matsalar ita ce ganewa. A 1986 wani likita a Ostireliya, Clive Harper, da abokan aikinsa suka bi bayanan mutum 131 da aka tabbatar da cutar a ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu, suka tarar kashi 80 cikin 100 ba a gane ta ba suna raye, kuma kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nuna alamun nan uku gaba ɗaya. Ƙasar ta ɗauki abin da muhimmanci har ta wajabta zuba tayamin a fulawar burodi daga 1991. To, in likitocin can, da kayan aikinsu, suna kuskure ta haka, ina ga ma’aikacin ƙaramin asibiti wanda ɗan’uwan mara lafiya, mai digirin dakta, ya dube shi ya ce a’a?

Ya kamata in ƙara da cewa ba mashayi kaɗai wannan cuta ke kamawa ba, don kada a mayar da ita tambarin zunubi. Mai juna biyun da laulayi ya hana ta riƙe komai a ciki makonni, da wanda yunwa ta daɗe tana ci, da wanda aka yi wa babban aiki a ciki, duk tana iya kama su. A yankin Ijesha na Jihar Osun ma an daɗe ana ganin wani tangaɗi da karkarwa da ke zuwa da damina, wanda a shekarun 1990 likita Bola Adamolekun ya danganta da cin wata tsutsa mai lalata tayamin a jiki.

Da na dawo daga Kano na zauna na bi kalmominmu ɗaya bayan ɗaya, in ga wacce ta dace da Alhaji. Muna da mantuwa, muna da sha’afa, wadda ta ɗan lokaci ce, abu ya shige maka ya dawo. Muna da gigin tsufa ko ruɗewa, amma wannan na wanda ya kai tamanin ne, kuma mukan karɓe shi da dariya da tausayi. Muna da taɓin hankali da hauka, waɗanda in an liƙa wa gida sai an sha wuya wajen aurar da ’ya’yansa. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, mai gaisuwa daidai, mai sallah, wanda bai san ya ci abinci ba, ba shi da gurbi a cikinsu, kuma abin da ba shi da suna a harshe, mutane sukan ba shi sunan da ya fi kusa da hannu, wato sammu ko sharrin mace. Haka ma labaransa. Ƙarya sai da niyyar yaudara, shi kuwa ba ya yaudarar kowa, ya gaskata abin da yake faɗa. Sambatu na mai zazzaɓi ne, ba shi da kai. Soki-burutsu ba ya da tsari, nasa kuwa tsaf yake. Shaci-faɗi ya fi kusa, amma shi ma da ɗan ganganci a ciki. A gida dai mun daidaita a kan “ciko”. In ya fara sai Yaya ta ce wa yara, “Ku ƙyale shi, ciko yake yi,” kuma na lura tun da kalmar ta shigo gidan aka daina ce masa maƙaryaci.

Wannan cuta ta bambanta da irin mantuwar tsufan nan ta Alzheimer, wadda kullum gaba take yi. In mutum ya ci gaba da ƙaurace wa giya, yana samun tayamin da abinci mai kyau, takan tsaya inda take, wani lokaci ma ta ja baya. Shi ya sa likitoci ba sa gaggawar yanke hukunci sai mutum ya yi aƙalla kwana 60 bai sha ba. Waɗanda suka daɗe suna bin irin waɗannan marasa lafiya sukan kasa su kusan kashi huɗu: kashi ɗaya su warke, kashi ɗaya su sami sauƙi sosai, kashi ɗaya su sami kaɗan, kashi ɗaya su zauna yadda suke. Alhaji yana cikin na uku. Tafiyarsa ta gyaru, faɗan ya ragu, ya koyi hanyar masallacin unguwa da dawowa, ba don yana tuna ta ba, don ƙafarsa ta saba.

Wannan sabo shi ne abin da Yaya ta riƙe. Likitan ya ba mu labarin wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Edouard Claparède, wanda a 1911 ya ba da rahoton wata mai irin wannan cuta da kullum sai ya gabatar mata da kansa. Wata rana ya ɓoye allura a tafin hannunsa ya gaisa da ita ta soke ta. Da ya dawo ba ta gane shi ba, ba ta tuna an soke ta ba, amma ta ƙi ba shi hannu. Ma’ana, abin da ya faru yana gogewa, amma abin da zuciya ta ji yana zama. In aka yi wa Alhaji tsawa da safe, zai manta tsawar, amma zai wuni a ƙunci bai san dalili ba. Don haka aka daina gardama da shi. In ya ce zai je Kano aiki, sai a ce to, bari a sha shayi tukuna. In ya tambayi mahaifiyarsa, ba a sake yi masa sabuwar ta’aziyya, sai a ce ba mu labarinta. Alƙali ya duba takardar likita ya ce aure yana nan, Yaya ta dawo ɗakinta.

Amma kada mai karatu ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Matar nan ta yi shekara talatin da huɗu tana ɓoye kwalba, yanzu ta shiga shekarun jinya da ba a sa musu rana ba. Ita ce mai riƙe katin banki, ita ce mai kai shi tantance ’yan fansho tana amsa tambayoyi a madadinsa, ita ce mai kwana da kunne ɗaya a buɗe kada ya fita da dare. Hawan jini ya kama ta. Duk wanda ya zo “ki yi haƙuri” yake ce mata, kuma a cikin masu faɗar haka ban ga wanda ya ce ta je Gwaram ta huta kwana uku shi zai zauna da ɗan’uwansa ba. Haƙurin da ake ba mace da baki ba a sa mata hannu ba, a ganina, wata hanya ce ta zame jiki. Akwai ranakun da takan ce mini tana jin haushinsa, sannan ta ji haushin kanta don ta ji haushin mara lafiya. Na ce mata duka biyun halal ɗinta ne.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke fama da cututtukan mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wani bincike da aka buga a 2011 a kan tsofaffi 322 a Zariya ya sami kusan kashi 3 cikin 100 da ita. A Faransa, binciken da ya fito a 2018 ya bi bayanan asibitocin ƙasar daga 2008 zuwa 2013, ya tarar cewa a cikin mutum kusan 57,000 da mantuwa ta kama kafin su kai shekara 65, kashi 57 cikin 100 suna da alaƙa da shan giya mai yawa. Jigawa ba Faransa ba ce, mafi yawan mutanenmu ba su taɓa kai ta baki ba. Sai dai a Faransa mashayi yakan gaya wa likitansa, a nan kuwa matarsa da ƙaninta ne ke tsayawa su rufa masa asiri har ƙwaƙwalwar ta ƙone. Ga kuma giyar leda da ta ƙananan robobi, wadda hukumar NAFDAC ta sanar da fara hanawa a Fabrairun 2024 aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni, irin wadda ke shiga aljihun ɗan acaɓa ba wanda ya gani.

Wanda duk ya shekara da shekaru yana sha kullum, in Allah Ya nufe shi da tuba, ya daina, amma ya daina a hannun likita, domin makyarkyata da jijjiga da gane-ganen da kan biyo baya a kwana biyu zuwa huɗu suna iya kisa. Iyalinsa su keɓe da likita su faɗi gaskiya a kowane lokaci na nahawu aka yi tambayar, su kuma buɗe baki su tambaya ko an ba shi tayamin. Ma’aikatan lafiya su fitar da ’yan dubiya kafin su yi irin wannan tambaya. Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a nan Birnin Kudu, akwai asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, a Kano kuma ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Dawanau. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Allurar tayamin kuwa ba ta buƙatar ƙwararre, ma’aikacin jinya a Basirka ko Babaldu zai iya yin ta, in an koya masa ya yi zargi, in kuma mun bar shi ya ji gaskiya.

Ranar Juma’ar da na je karanta wa Yaya wannan rubutu, na tarar da Alhaji a gindin darbejiya da littafin rubutu na ’yan firamare a cinyarsa. Kullum da safe takan rubuta masa kwanan wata a saman shafi, sannan ta riƙa ƙarawa: ka yi wanka, ka karya, ka sha magani, Hajiya tana ciki ba ta tafi ko’ina ba. Yakan duba shi sau da yawa a wuni, yana bin layin da yatsa. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar mutanen Gwaram. Sannan ya matso ya rage murya, ya ce, “Kai ɗan boko, sakamakon jarrabawar taku ya fito kuwa? Kada ka ji nauyina, in akwai sauran kuɗin da za a biya ka faɗa.” Na ce ya fito, Alhaji, na ci duka. Ya ce madalla, ya kira Yaya ya gaya mata, ya ce a yanka kaza. Bayan La’asar ya sake tambayata, na sake gaya masa, ya sake kiran ta.